Daga Dogari Zuwa Ɗan Kwana-Kwana: Tarihin Tsaron Kasuwar Jalingo Ta Fuskar Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Idan gobara ta tashi a wata babbar kasuwa ta Arewacin Nijeriya, tambayoyi uku ne suke fara fitowa daga bakin jama'a: ina masu gadi suke, ina 'yan kwana-kwana, ina kuma 'yan sanda? Waɗannan sunaye uku suna nuni ne ga rukunin mutane uku, kowane da ubangidansa, kowane da inda yake karɓar umarni da albashi. Amma ba haka abin yake tun asali ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda tsaron kasuwa daga wuta da ɓarayi, wanda a da aiki ɗaya ne a hannu ɗaya, ya rarrabu zuwa hannaye da yawa. An ɗauki Kasuwar Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, a matsayin misali. Za a dogara da abubuwa biyu, wato tarihin garin da kuma kalmomin Hausa da ake kiran masu tsaro da su, domin kowane sauyin mulki ya bar tasa kalmar a bakin mutane.

2.0 Kafuwar Jalingo da Kasuwarta

Jalingo ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Masarautar Muri, wadda Hammaruwa ƙanin Buba Yero na Gombe ya kafa a wajen 1817, ta daɗe hedkwatarta tana garin Muri, a arewacin Kogin Binuwai. A ƙarshen 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci garin Kona na Jukunawa da yaƙi, da taimakon wani Bafaranshe mai suna Mizon wanda ya zo da igwa. A 1893 Sarkin ya kafa sansani kusa da Kona, sansanin kuwa shi ne ya zama Jalingo. Sunan daga Fillanci yake, yana kuma ɗauke da ma'anar rinjaye ko nasara.

Har yau asalin garin yana nan a cikin sunayen unguwanninsa. Akwai Barade da Sarkin Dawaki da Turaki da Majidaɗi da Sintali da Kacalla Sembe. Dukkansu sunayen sarautu ne na fada ko na yaƙi. Abin da wannan yake nunawa shi ne, tun farko an tsara garin ne a kan mutane: kowace unguwa da mai ita, wanda idan wani abu ya faru shi za a tambaya. Kasuwar ta tashi a tsakiyar wannan tsari, ta zama mahaɗar Fulani da Hausawa da Mumuye da Jukunawan Kona, daga baya kuma Ibo da Yarabawa da sauransu suka shigo. Doyar ƙasar Mumuye da kifin Binuwai da hatsi da kayan koli duk a nan suke haɗuwa, Hausa kuma ita ce harshen ciniki. Don haka ne kalmomin tsaro na Hausa suka zama na kowa a kasuwar, har da wanda Hausa ba harshen gidansu ba ne.

3.0 Zamanin Dogari da Ɗan Doka

Kamar sauran masarautun Daular Sakkwato, kasuwa a ƙasar Muri tana ƙarƙashin sarkin kasuwa ne, shi kuma yana ƙarƙashin fada. Shi ke raba rumfuna, shi ke sasanta rigima, shi ne kuma ya san wanda ya kwana a kasuwa da dalilin kwanansa. Dogari shi ne hannun sarki: yana kama ɓarawo, yana tsare mai laifi, yana isar da umarni. Rumfunan wancan zamani na zana ne da ciyawa, saboda haka babu abin tsoro kamar wuta, musamman a hunturu, lokacin da iska take kaɗawa kuma komai ya bushe. Maganin da aka sani shi ne rigakafi. Masu tuya da masu gashi sukan kashe wutarsu kafin a watse, abin da ya dace da koyarwar Musulunci ta kashe wuta kafin a kwanta barci. Idan kuwa ta tashi, sai a yi kururuwa, jama'a su fito da tuluna da ƙasa da ɗanyen ganye, a yaye jinkar rumfunan da ke kusa don a yanke mata hanya. Ba a bambanta mai kashe wuta da mai tsaron kaya ba, domin ido ɗaya ne yake kallon hayaƙi yake kuma kallon ɓarawo.

Turawan Ingila ba su rushe wannan tsari ba, sai dai sun sa masa kaki. Daga shekarun 1920 aka fara mayar da wani sashe na aikin dogarai hannun 'yan sandan En'e, waɗanda aka sani da 'yan doka. A wannan zamani ne kalmar gadi da kalmar sintiri, waɗanda duka an aro su daga Ingilishi, suka samu gindin zama a Hausa. A 1926 aka haɗa yawancin Lardin Muri da na Yola aka yi Lardin Adamawa, Jalingo kuma ita ce mazaunin En'en Muri. Sarki Muhammadu Mafindi, wanda ya yi shekara 50 yana sarauta, daga 1903 zuwa 1953, shi ne ya ga dukkan wannan sauyi. A 1930 aka haɗa rundunonin 'yan sandan gwamnati na Arewa da Kudu suka zama runduna ɗaya. Bahaushe ya bambanta ma'aikatan biyu da suna. Ɗan doka na sarki ne, ɗan gari ne, an san gidan ubansa. Ɗan sanda na gwamnati ne, an sa masa suna da abin da yake riƙe da shi a hannu, an kuma fi ganinsa a barikin Turawa da garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka ɗauki wuta da sata a matsayin damuwa ɗaya ba. A birnin Rum, Sarki Agustas ya kafa rundunar masu sintirin dare a shekara ta 6 Miladiyya, aikinsu kashe gobara da kama ɓarayi. A Ikko ma, rundunar kashe gobara ta farko da aka kafa a 1901 reshe ce ta 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta tsayar da hukumar kashe gobara ta tarayya da ƙafafunta.

4.0 Rabuwar Aiki

Tsarin 'yan doka yana da babban aibu, siyasar shekarun 1950 ce kuma ta fito da shi fili. Da yake En'e ce take ɗaukarsu, an yi ta amfani da su wajen gallaza wa 'yan adawa, kamar magoya bayan NEPU. A wannan lokaci ne kalmar banga ta shigo Hausa daga Ingilishi, ma'anarta ta farko kuwa ita ce matasan da jam'iyya take tarawa don kare taronta ko tarwatsa na abokan hamayya. Hukumar Willink, wadda ta binciki koken ƙananan ƙabilu a 1958, ta nuna fifiko ga runduna ɗaya ta ƙasa. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta bi wannan hanya: daga 1968 aka fara narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, zuwa farkon shekarun 1970 an kammala.

Sai kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya karɓe ikon gudanarwa daga hannun sarakuna. Daga nan aikin da a da yake a ƙofar fada ya kasu uku. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tak ta tarayya. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin ya ba ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da kula da su. Kashe gobara a cikin gari kuwa ya zama galibi aikin gwamnatin jiha. Wato mai karɓar kuɗin rumfa daban, mai motar ruwa daban, mai bindiga daban. Sarkin kasuwa yana nan da rawaninsa, dogari yana nan da jar rigarsa, amma ba su da ikon kama kowa. Mai gadi, wanda shi kaɗai ne yake kwana a kasuwa, 'yan kasuwa ne suke haɗa masa kuɗi, shi ne kuma mafi ƙarancin albashi da kayan aiki a cikin duka.

5.0 Bunƙasar Gari da Sabuwar Gobara

A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, Jalingo ta zama babban birni. Ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan kasuwa suka kwararo. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Jalingo mutane kimanin dubu 140, a 2008 kuma aka kafa Jami'ar Jihar Taraba. Gari ya miƙe ya haɗe da unguwannin gefe irin su Magami da Mayo Gwoi da Sabon Gari da Nukkai da Mil Shida. Waɗannan sunaye, saɓanin na tsofaffin unguwanni, ba sa ɗauke da sunan wani mai sarauta: wasu na rafi ne, wani na nisan hanya ne, wani kuma yana faɗin sabuntar wurin kawai. Ɗan kasuwar da kakansa yake jin kururuwa daga ɗakinsa, shi yanzu yana kwana nesa da rumfarsa, sai dai a buga masa waya.

Ita ma gobarar ta sake kama. Kwano da bulo sun maye gurbin zana, amma wayoyin lantarki da aka jona barkatai, da wutar da kan dawo da ƙarfi cikin dare, da janareta, da jarkokin fetur, da tukwanen gas, da kayan roba da katifu, sun kawo wutar da tulu ba ya iya kashewa. Hanyoyin da aka bari don mota kuma tebura da rumfunan wucin gadi sun cinye su. Tarihin shekarun nan cike yake da misalai: babbar kasuwar Yamai a 1982, ta Jos a 2002, ta Sabon Garin Kano a watan Maris na 2016, ta Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na 2021, da Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Ita ma Kasuwar Jalingo ta ɗanɗani nata rabon, domin wuta ta taɓa cin rumfuna a cikinta. Koken da ake ji bayan irin wannan masifa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: an ga hayaƙi a makare, mota ba ta samu hanya ba, ruwa ya ƙare, ɓata-gari kuma sun shiga da sunan taimako sun kwashi abin da wuta ta rage. Asarar tana da nauyi, saboda yawancin ƙananan 'yan kasuwa ba su da inshora, da yawa kuma kayan da ke rumfarsu bashi ne daga Kano ko Anacha. Abin da ya rage musu shi ne jaje da gudummawa, kalmomi biyu da suka girmi dukkan hukumomin da aka ambata.

6.0 Muhawarar Tsaro

Abubuwan da suka faru a Jalingo daga baya sun karkatar da hankalin hukuma zuwa wani tsoron daban. A ranar 30 ga Afrilu, 2012, an kai harin bam kan ayarin kwamishinan 'yan sandan jihar, mutane 11 suka rasu. A cikin shekarar aka hana haya da babur a cikin gari. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbunan ajiyar kayan tallafi har aka sa dokar hana fita, a Afrilun 2022 kuma wani bam ya tashi a Nukkai. Kalmar tsaro ta koma tana nufin shingen bincike da bindiga, gobara kuwa aka bar ta a babin ƙaddara.

Unguwannin gefe, da suka ga ofishin 'yan sanda ya yi musu nisa, sai suka koma ga 'yan sintiri da mafarauta da 'yan banga. A nan akwai abin lura ga masu nazarin harshe: kalmar banga, wadda ta fara da ma'anar ɗan tashin hankalin siyasa, ta wayi gari tana nufin mai tsaron unguwa. Wasu jihohi sun ba irin wannan aiki rigar hukuma, kamar Amotekun a ƙasar Yarabawa a 2020, da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a 2023. A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi. Masu goyon baya suna cewa ɗan gari shi ya san lungunan gari. Masu adawa kuwa suna tuna zamanin 'yan doka, suna tsoron kada gwamna ya yi abin da En'e ta yi. A jiha mai ƙabilu da addinai da yawa kamar Taraba, wannan tsoro yana da tushe, domin tambayar ɗan wane gari za a ɗauka ba ƙaramar tambaya ba ce. Kowane ɓangare yana da hujja daga tarihi. Sai dai dukkansu sun fi maganar wanda zai riƙe bindiga, ba su cika tambayar wanda zai fara ganin hayaƙi da ƙarfe biyun dare ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa jerin kalmomin dogari, ɗan doka, ɗan sanda, mai gadi, ɗan sintiri, ɗan banga da ɗan kwana-kwana tarihi ne a dunƙule na yadda iko ya yi ta nisa da bakin kasuwa. Komawa ga tsarin En'e ba mai yiwuwa ba ne, aibunsa kuma sananne ne. Abin da yake da amfani a cikinsa shi ne kasancewar mutum ɗaya sananne wanda za a tambaya. Ana iya dawo da wannan ba tare da an taɓa tsarin mulki ba: ƙaramar hukuma da ƙungiyar 'yan kasuwa da fada su tsayar da wanda alhakin dare yake wuyansa, a horar da masu gadi kashe wuta tun tana ƙarama, a tanadi tankin ruwa a cikin kasuwa, a buɗe hanyoyin mota, a kuma yanke lantarki idan an tashi. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Kano da na Katsina da na Maiduguri duk sun kama, hunturu kuwa kowace shekara yana dawowa Jalingo.