Ɗa Yana Sha, Gida Yana Ɗauka: Nazari a Kan Shaye-shaye da Rufin Asiri

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, an gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Akwai wani adadi a rahoton da ba a cika ambato ba: kusan mutum ɗaya cikin takwas ya cutu saboda shan wani. A ƙasar Hausa, da yawa daga cikin waɗannan mutane suna gida ɗaya da mai shan, kuma su ne abin duban wannan nazari.

Uwa ce ke fara sani. Ita ke ganin idon ya kaɗa, ita ke lura da barcin da ya wuce kima, ita ke tsintar kwalbar maganin tari ko fallen tiramol a aljihun wandon da aka kawo wanki. Daga nan sai kuɗin cefane ya fara yin ƙafa, sai atamfar da aka ajiye don biki, sai 'yan kunnen gwal na gado. Na san gidajen da uwa take ɗaure mukullin ɗakinta a bakin zane ko da banɗaki za ta zaga. Amma idan maigida ya tambayi ina rediyonsa, sai ta ce an ara. Tana tsoron fushin uba, tana tsoron bakin da zai iya yi wa yaron, kuma a gidan da ake da kishiya tana tsoron gori, domin a al'adarmu lalacewar ɗa a kan uwa ake ɗora ta. Wannan ɓoyon yakan ci shekara ɗaya ko biyu, kuma a cikinsa ne shan yake zama jiki.

Shi uba abin da ke cinsa mutunci ne. Mutumin da ake kira sasanta rikicin unguwa ya wayi gari yana zuwa ofishin 'yan sanda belin ɗansa. Wani ya daina zama majalisa, wani ya sauya masallaci. Idan abin ya ishe shi sai ya kori yaron, uwa kuma ta riƙa miƙa masa tuwo ta bayan katanga, tana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Aure da yawa a nan yake tsagewa.

Ƙannen mai shan ba a cika lissafa su ba, alhali asararsu a fili take. Kuɗin makarantarsu ne ke tafiya wajen beli da biyan kayan maƙwabta da aka ɗauke. Ƙanwa kuwa, ranar da dangin manemi suka zo bincike, abin da za a fara faɗa musu a unguwa shi ne yayanta ɗan ƙwaya ne. Idan kuma mai shan mace ce, rufin ya fi tsanani, har wasu iyaye su gaggauta aurar da ita da fatan aure zai gyara. Matsalar sai ta koma gidan miji, ta dawo da saki da goyo.

A ganina, abin da ya fi jinkirta magani shi ne yadda gida yake fassara cutar. Sau da yawa ana fara cewa sammu ne ko jifa ko iska, domin wannan fassarar tana sauke laifi daga kan yaro da iyayensa. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu wajen mai imani, amma jikin da ya saba da kodin ko tiramol yana shiga ciwon gaske idan aka yanke masa lokaci guda: ciwon gaɓoɓi, gumi, amai, gudawa, rashin barci. Tiramol mai yawa kuma yana kawo farfaɗiya. Wannan aikin likita ne.

Ƙarshen ɓoyo shi ne gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo baya aka sami irinsa a Daura. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi. Ban ɗauki waɗannan iyaye azzalumai ba. Mutane ne da suka gaji, suka nemi wurin da ba za a gan su ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano suna nan, amma sun yi kaɗan, ga tsada ga talaka, ga sunan "asibitin mahaukata" da ke korar mutane tun daga bakin ƙofa.

Gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, hukumar NDLEA kuma tana ta kame. Duk wannan kasuwar ƙwaya ya shafa, bai shiga tsakar gida ba. Uwar da hawan jini ya kama, uban da ya daina fita, yarinyar da aka fasa aurenta, da wuya ka ga wanda ya tambaye su halin da suke ciki. Ga kuma wanda ya fito daga asibiti, gidan nan mai cike da zargi da tsoro zai koma, shi ya sa komawa ruwa ta yi yawa.

Saboda haka ina kira ga limamai da masu unguwanni da malaman Islamiyyar matan aure: ku faɗa wa iyaye a fili cewa shaye-shaye cuta ce da ake kai wa asibiti, ku raka su idan kunya ta hana su zuwa, kuma ku hana a yi musu gori.