Sarakunan Yaƙin Binin a Jikin Tagulla

Ku 'yan makaranta, mun saba jin labarin mazajen da daga littattafai ko daga bakin maroƙa. To, mutanen Binin, can kudu, yamma da Kogin Kwara, wata hanya suka bi. Tagulla suka narka suka zuba kamannin jarumansu a kan alluna, suka kafe su jikin ginshiƙan fadar Oba, watau sarkinsu.

Maƙeri yakan fara yin siffar da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sa'an nan ya ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ta huce sai a fasa yumɓun, saboda haka ba a samun biyu iri ɗaya. Tagullar kuwa yawancinta mundaye ne da Turawan Fotugal suka riƙa kawowa suna sayen hauren giwa da bayi.

A ganinmu karanta allunan nan ake yi, ba kallo kaɗai ba. Wanda ya fi girma a tsakiya shi ne shugaba, an ƙaranta yaransa da mabusansa don a nuna muƙami, ba don tsawon jiki ba. Haƙoran damisa a wuyansa da ƙararrawa a ƙirjinsa shaidar mayaƙi ne, murjani kuwa sai wanda Oba ya yarje wa. Ko mashi da garkuwa ba a bar su a baya ba, kai ka ce yanzu za su tasam ma abokan gaba.

Daga cikin yaƙoƙin da ake dangantawa da su akwai wanda Oba Esigie ya yi da Attan Igala na Idah wajen shekarar 1515. Mutanen Binin sun ce dabarar uwarsa Idia ce ta ba shi nasara, ita ma an zuba siffar kanta.

A watan Fabrairu 1897 sojan Ingila suka ci Binin, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba, aka kwashe kayan fada aka watsa su Turai. Allunan suka rarrabu, jerinsu ya ɓace, har da wuya a ce ga sunan wane jarumi a kan wane allo. A Disamba 2022 Jamus ta kawo wajen guda 20 daga kayan da ke hannunta, ta miƙa su a Abuja.