Daga Madugu Zuwa Direban Tirela: Wa Ke Shaidar Gwani a Bakin Iyaka?

Koira Kano, unguwar manyan gidaje da ofisoshin ƙungiyoyin waje a Yamai, ba ta haɗa komai da Kanon Dabo ba. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi. Sai dai daɗin nan a bayan mota ya zo. Nijar ba ta da teku, don haka firji da injin wuta da tayil ɗin gidajen unguwar sai da wani direba ya jawo su fiye da kilomita 1,000 daga Kwatano ko Lome. Abin lura a tarihin wannan sana'a shi ne hukumomi sun daɗe da yi wa mota da kayan cikinta takardun ƙetare iyaka, amma gwanintar mai riƙe da sitiyari har gobe baki ne ke shaidarta.

Tun zamanin fatake haka abin yake. Ayarin da ke tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja fataucin goro yana bin madugu ne don an san shi, shi kuma ya san mashigin kowane kogi da zangon da ake kwana ido biyu. Da mota ta gaji jaki, sai ta gaji tsarin. Yaro kan shiga hannun direba a matsayin karen mota, ya yi shekaru yana wanki, yana ɗaure tamfol, yana dirowa da gudu ya cusa katako a bayan taya idan mota ta tsaya a hawa, kafin a bar shi ya juya ta cikin tasha. Shi ya sa mai mota a Maraɗi, in direba ya zo daga Katsina neman aiki, kafin ya dubi takarda sai ya ce, "A hannun wa ka koya?"

Takardar kuwa gadon Turawa biyu ce da ba su shawarci juna ba. Kafin Afrilun 1972, Najeriya a hannun hagu take tuƙi irin na Ingila, Nijar kuma a dama irin na Faransa, don haka wanda ya taso daga Illela sai ya sauya hannu kafin ya shiga Ƙonni. An daidaita hannu, ba a daidaita aji ba: a farmin Nijar harafin E ne na jan tirela, a lasisin Najeriya kuwa G. Da aka kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a 1975, aka yi yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a Dakar a 1979, sannan a Kwatano a 1982 aka sa hannu kan inshorar haɗin gwiwa mai katin ruwan ƙasa, da dokokin sufuri tsakanin ƙasashe, da na wucewar kaya. A 2005 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu kuɗin sefa, ta ƙayyade har nauyin da kowane gatarin mota zai ɗauka. An auna ƙarfe, an lissafa buhu, amma shekarun da direba ya kwashe a hanya ba su da shafin da jandarma zai karanta.

Wasu za su ce ai lasisi ya isa, tunda ana wucewa da shi. To, izinin wucewa daban, shaidar sana'a daban. Lasisi ba ya faɗin ko mutum ya taɓa jan tankar mai, ko ya iya ɗaukar fasinja 70 daga Yamai zuwa Agadas cikin dare. Wasu kuma na tsoron cewa in aka amince da shaidar maƙwabta, takardar da aka saya da kuɗi a wata ƙasa za ta kashe mutane a wata. Tsoron yana kan hanya, amma irin waɗannan direbobi suna wucewa a yau ma, da ɗan na goro a shinge. Mai asara shi ne gwanin gaske, wanda da ya bar garin da aka san ubangidansa sai a ajiye shi sahu ɗaya da ɗan koyo.

Shekarun nan sun ƙara fito da giɓin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar Gaya da Malanbil da ke kan hanyar Kwatano, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, sannan Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Hanya ta sauya, ƙungiya ta sauya, direban da aka sani a Faraku, kan hanyar Kwatano, ya wayi gari baƙo a Kaya da Dori na Burkina Faso. Shaidar da ta rataya ga sanayya kaɗai ba ta jure irin wannan juyi. Abin da ya kamata ƙungiyoyin direbobi da ma'aikatun sufuri su yi shi ne su rubuta abin da tasha ta riga ta sani: wane ne ya koyar, shekara nawa, wace irin mota, wace hanya, sannan a gwada mutum a aikace. Tambayar mai motar Maraɗi tana da kyau. Abin da ya rage shi ne a ba ta amsar da za a iya karantawa a Jibiya da Lome.