Dokokin Fenti Mai Dalma a Tsofaffin Gine-gine: Tsarin Amurka da Abin da Ya Shafe Mu

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin jama'ar karkara da jami'an ƙananan hukumomi su fahimci yadda ake amfani da doka wajen kare yara daga gubar dalma da ke cikin fenti. Mun ɗauki misalin ƙasar Amurka saboda tsarin mulkinta na tarayya da jihohi ya yi kama da namu. Babban darasin shi ne, hana sayar da sabon fenti mai dalma ba ya kawar da wanda aka riga aka shafa a bango, don haka dole doka ta bi tsofaffin gidaje.

Illar dalma a cikin fenti

Masu haɗa fenti sun daɗe suna zuba dalma domin launi ya fito sosai, ya bushe da wuri, kuma ya yi ƙarko. Idan fentin ya tsufa yakan ɓantare ya zama ƙura, musamman a tagogi da ƙofofi inda ake yawan gogayya. Yara 'yan ƙasa da shekara 6 sun fi kowa shiga haɗari, domin suna rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, tana jawo ƙarancin jini, idan ta yi yawa kuma takan kawo farfaɗiya har da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a san wani adadi na dalma a jini da za a ce ba shi da illa ba.

Dokokin gwamnatin tarayyar Amurka

A shekarar 1971 majalisar ƙasar ta zartar da dokar farko kan gubar fenti. A 1978 aka hana sayar da fentin gida da dalmarsa ta wuce kashi 600 cikin miliyan, sannan a 2009 aka rage iyakar zuwa kashi 90 cikin miliyan. Wannan ne ya sa shekarar 1978 ta zama ma'auni: duk gidan da aka gina kafin ta, ana yi masa kallon mai yiwuwa yana da fenti mai dalma.

Dokar 1992 ta wajabta wa mai sayar da irin wannan gida ko mai ba da hayarsa ya sanar da abin da ya sani game da dalmar da ke ciki, ya kuma miƙa takardar wayar da kai. Mai saye yana da kwana 10 domin ya sa a bincika gidan. Wanda ya ɓoye gaskiya da gangan ana iya sa shi ya biya diyya ninki uku. Tun daga 2010 kuma, ɗan kwangilar da zai yi gyara a irin waɗannan gidaje ko wuraren renon yara sai ya sami horo da shaidar Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar, wato EPA.

Rawar jihohi da birane

Dokar tarayya ita ce mafi ƙarancin abin da ake buƙata, jihohi kuma suna da ikon ƙara tsauri. Jihar Massachusetts tana wajabta wa mai gidan da aka gina kafin 1978 ya cire ko ya rufe fenti mai haɗari matuƙar akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 6 a ciki. Jihar Maryland ta kafa doka a 1994 da ta tilasta yi wa gidajen haya da aka gina kafin 1950 rajista, daga 2015 kuma dokar ta haɗa har da waɗanda aka gina kafin 1978. Birnin New York ya hana amfani da wannan fenti a cikin gidajen zama tun 1960, shekara 18 kafin haramcin tarayya.

Abin da ya shafe mu

Mu a arewacin Nijeriya mun san ɓarnar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara, musamman a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Wannan ba daga fenti ba ne, amma gubar ɗaya ce, kuma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, wato ƙura. Binciken da aka sha yi a kasuwannin ƙasar nan ya gano dalma mai yawa a wasu fentocin mai, musamman masu launin rawaya da ja. A matakin tarayya, hukumar SON ce ke kula da ingancin kayayyaki, NESREA kuma ke tabbatar da bin dokokin muhalli. Maƙwabciyarmu Kamaru ta kafa iyakar kashi 90 cikin miliyan tun 2017.

Shawarwari

1. Kada a kankare tsohon fenti a bushe, ko a goge shi da samfefa, ko a ƙona shi. A jiƙa wurin da ruwa tukuna.
2. A fitar da yara da mata masu juna biyu daga ɗaki har sai an kammala gyara an wanke wurin.
3. A riƙa goge daɓe da bakin taga da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma wanke wa yara hannu kafin cin abinci.
4. Jami'an ayyuka su sanya sharaɗin fenti marar dalma a kwangilar gyaran makarantu da asibitoci.
5. Jami'an duba-gari su lura da gine-ginen gwamnati da fentinsu ke ɓantarewa, su kai rahoto ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Gubar dalma sau da yawa ba ta nuna alama da wuri, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da ita. Muna kira ga iyayen da suke da shakku su kai yaransu asibiti mafi kusa domin neman shawarar ma'aikatan lafiya.