Gyara ko Ƙira: Tarihin Dokokin Sake Jikin Babbar Mota da Tirela

1. Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda kalma ɗaya ce, watau “gyara”. Sa'ad da na ke tattara kalmomin aro na sana'ar mota a bakin direbobi da makanikai, na lura da cewa idan birki ya lalace aka mayar da shi yadda ya ke, sai a ce an gyara mota. Idan kuma aka yanke ƙashin bayan motar aka ƙara masa tsawo, aka jibga mata bodin da ya fi na asali girma, nan ma sai a ce an gyara ta. Harshe ya haɗa ayyuka biyu a baki ɗaya, amma doka ta raba su tun da daɗewa. Na farko mayar da abu ne kan ƙirarsa, na biyu kuwa sabuwar ƙira ce. Tambayar da zan bi cikin tarihi ita ce: idan aka sake jikin mota, wa zai tsaya ya ce lafiyarta lau, kuma wa za a kama idan ta yi ɓarna?

2. Asalin dubawa a ƙasashen Turai

Ba da mota aka fara ba, da tukunyar tururi aka fara. Cikin 1865 tukunyar wata masana'antar giya ta fashe a birnin Manhaim na Jamus. Shekarar da ta biyo, 1866, masu irin waɗannan tukwane suka kafa ƙungiya, daga baya suka ɗauki injiniya wanda aikinsa ke nan ya zaga yana duba su kafin su fashe. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne hukumomin TÜV suka tsiro, kuma da mota ta zo sai aka ɗora masu dubanta. Daga 1951 ya zama tilas a riƙa kai kowace mota ana duba ta lokaci lokaci. Ƙa'idar Jamusawa mai tsauri ce: izinin hawa hanya na motar ne a kan siffar da aka duba ta. In ka sake wani sashe mai iya jawo haɗari ba tare da amincewar mai dubawa ba, izinin ya faɗi.

Ingila ta bi wata hanya dabam. Dokar 1865 ta ce injin da ke tafiya bisa titi kada ya wuce mil 4 cikin awa a karkara, mil 2 a gari, kuma mutum ya riƙa tafiya a gabansa da jar tuta. Cikin 1896 aka sassauta wa motocin da ba su kai tan 3 ba. Cikin 1903 aka kawo rajista da lamba da lasin na direba, cikin 1930 kuma aka tilasta inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Amma duba lafiyar motocin jama'a bai zo ba sai 1960, shi ma ga motar da ta shekara 10 kaɗai, kuma abu uku a ke dubawa: birki, fitilu da sitiyari. Cikin 1967 aka rage shekarun zuwa 3. Daga 1968 aka fara liƙa wa manyan motocin kaya da tireloli ɗan allo mai nuna iyakar nauyin da kowace za ta ɗauka, ana kuma jarraba su shekara shekara.

Amurka kuwa, bayan hayaniyar da littafin Ralph Nader na 1965 ya tayar game da haɗarin motoci, ta yi doka cikin 1966. Gwamnati ta shimfiɗa ƙa'idodi, shi kuma maƙerin mota ya sa hannu da kansa cewa ya cika su. In ta bayyana daga baya bai cika ba, sai a tilasta masa ya janye motocin ya gyara. Wanda ya sayi gindin mota ya ɗora masa jiki, shi ma a idon wannan doka maƙeri ne, sai ya liƙa tasa shaidar.

Ga amsa uku ke nan: Jamus ta dogara ga mai dubawa, Ingila ga jarrabawar shekara, Amurka ga sa hannun maƙeri. Sa'an nan cikin 1958 aka ƙulla yarjejeniya a Janeba domin ƙasashe su riƙa karɓar shaidar juna. Mai karatu ya duba gilashin fitilar mota, sau da yawa zai ga harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa: 1 Jamus ke nan, 2 Faransa, 11 Ingila. Wannan ita ce alamar ƙasar da ta jarraba kayan.

3. Tirela da abin da ke riƙe da ita

A Hausa idan aka ce tirela, motar duka a ke nufi. A harshen da muka aro kalmar, abin da a ke ja a baya kaɗai ta ke nufi. Saboda haka direbobinmu suka nemi mafita, suna cewa “kai” ga sashen da ke da inji, “bodi” ga na baya. Wannan rabo yana da muhimmanci ga doka, gama kai ɗaya yana iya jan bodi iri iri, kowane da nasa nauyi da nasa birki.

Maƙeri ne ya yi suna da fito da ita. Cikin 1914 August Fruehauf, mai ƙira da haɗa kekunan doki a birnin Ditiroit, ya haɗa wa wani mai sayar da katako keken da gabansa ke hawa bisa bayan mota ƙirar Ford. Watau ita kanta tirela 'yar sake jikin mota ce. Abu biyu ke riƙe da ita: farantin ƙarfe mai tsaga a bayan kai, wanda wata ƙusa mai kauri ta bodi ke shiga ta kulle, da kuma bututun iska na birki. Hikimar birkin iska daga jirgin ƙasa ta zo. George Westinghouse ya tsara shi cikin 1872 yadda in bututu ya tsinke birki zai kama da kansa. Dokokin tirela sun ɗauki wannan ƙa'ida: bodin da ya kuɓuce wa kai dole ya iya tsayar da kansa. Duk wanda ya toshe bututun nan don iska na zuba, ya kashe dabarar da ta fi shekara 150 tana ceton rayuka.

4. Mota mai uba biyu

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka bukaci abin da zai kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa tasha. Jaki da raƙumi suka fara, babbar mota ta karɓa. Amma fa yawancin motocin nan ba cikakku su ke zuwa ba. Kamfanonin ciniki kan kawo inji da ƙashin baya da tayoyi, irin su Bedford da Austin, daga baya Mercedes, sa'an nan kafinta na gida ya ɗora bodin katako, ya jera benci, mai fenti ya rubuta kirari a goshi. Yarbawa suka sa wa irin tasu suna bolekaja, watau “sauko mu yi faɗa”. A Sudan maƙera sun kai ga kwance Bedford ɗungum su ƙarfafa ta domin hanyar rairayi, suna kiranta sifinja saboda laushin tafiyarta.

Ashe ke nan babbar motar ƙasashenmu tun asali uba biyu gare ta, ɗaya a Turai, ɗaya a bakin kasuwa. Kalmomin aro ma shaida ne. Abin da ya zo a ƙere, da sunansa ya zo: inji, giya, birki, sitiyari, taya, sifirin. Abin da ya shiga hannun mutanenmu kuwa sai ya sami suna na gida, kamar a-kori-kura da gingimari da karen mota. Bai kamata a raina wannan fasaha ba. Wanda ya zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai gwanaye. Abin da ya rage shi ne uba na farko ya bar lissafinsa a rubuce, na biyu kuwa nasa a ka ya ke.

5. Abin da sakewa ke jawowa

Mai mota ya ga sifirin na lanƙwashewa, sai ya ƙara masa ganye biyu ko uku. Mota ta miƙe, ya ce ta ƙara ƙarfi. Amma birki bai san an ƙara sifirin ba. Aikin birki shi ne ya mai da gudun mota zafi, kuma in nauyi ya ninka, zafin ma ya ninka. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo ƙarfe kan yi zafi har ya daina kamawa, sai a ce birki ya tsinke, alhali kuwa kaya ne suka fi ƙarfinsa. Haka kuma in aka ɗaga bodi sama, nauyi ya hau sama, kwanar da motar ke sha lafiya a da ita ce za ta kayar da ita. Tankar mai tana da nata sirri: a cikinta akwai shingayen ƙarfe masu hana mai tunkuɗa gaba da baya. In aka ƙara wa tanki tsawo ba a ƙara shingaye da tayoyi daidai ba, man da ke ciki shi zai riƙa tuƙa motar.

Hanya ma tana da nata hakki. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyin Amurka suka yi ta zagaya manyan motoci bisa hanyar gwaji a jihar Ilinoi, suka gano cewa in nauyin da ke kan gatari ɗaya na tayoyi ya ninka biyu, ɓarnar da ya ke yi wa kwalta kusan ninki 16 ce. Dalili ke nan da ya sa ƙasashen da ke amfani da sefa a Afirka ta Yamma, har da Nijar, suka yi ƙa'ida cikin 2005, ƙungiyar ECOWAS kuma ta yi tata cikin 2012, inda aka tsayar da tan 11.5 ga gatari guda. Mai ɗora tan 23 a wurin yana cin rabon mota 16 daga hanyar da kowa ya biya.

6. Dokokin Nijeriya

Dokar motoci ta farko an yi ta cikin 1913 domin Kudu, cikin 1916 aka yi wadda ta game ƙasa. Dokar inshora ta 1945 ta fara aiki cikin 1950, babbar dokar hanya ta 1947 kuma cikin 1949. A ƙarƙashin irin waɗannan dokoki ne ma'aikatan duba motoci, waɗanda direbobi ke kira bi-ai-o, ke ba da takardar lafiyar mota, aikin da ke hannun jihohi. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, Gana ta bi cikin 1974. Wannan ya haifar da wata sabuwar sana'a, ta juya sitiyari daga dama zuwa hagu, aiki mai taɓa birki da sandunan da ke juya taya, watau ran motar kansa.

Cikin 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Aka sabunta dokarta cikin 2007, aka fitar da ƙa'idodin hanya na ƙasa cikin 2012. Bayan gobarar tanka ta Majiya a Jigawa cikin Oktoba 2024, da ta Dikko a jihar Neja cikin Janairu 2025, hukuma ta hana loda wa tankar da ta kai lita 60,000 mai daga 1 ga Maris 2025. Tun da aka janye tallafin fetur cikin 2023 kuma, an shiga mai da motoci masu amfani da iskar gas. Tulun gas ɗin nan tukunya ce mai matsi ƙwarai, wadda ba a haɗa ta da waldar bakin titi. Ga shi mun dawo inda mutanen Manhaim suka tsaya cikin 1865.

In aka auna dokokinmu da amsoshi ukun nan, za a ga ta Ingila muka gada, watau duba motar da ta riga ta hau hanya. Amma irin wannan dubawa an tsara ta ne domin motar da ta tsufa a kan ƙirarta. Tana tambaya ko fitila na ci, ko birki na kamawa, sau da yawa kuwa motar ba kaya. Ba ta tambaya ko wannan birki ya dace da wannan bodi. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: da jirgin ƙasa ya ja da baya kaya suka koma kan titi, mai motar da ya tsaya kan nauyin doka sai ya ga maƙwabcinsa ya karye masa farashi.

7. Kammalawa

Ra'ayina shi ne hana sake jikin mota ba zai yiwu ba, ba kuma zai yi amfani ba, gama da shi aka gina sufurin ƙasar nan. Abin da tarihi ya nuna shi ne a ba uba na biyu matsayin maƙeri, da darajarsa da nauyinsa: a yi masa rajista, ya liƙa allo mai sunansa da iyakar nauyin da bodin zai ɗauka, a duba aikin kafin ya bar garejinsa. Ba a fafe gora ran tafiya.

Mu masu aikin harshe muna da namu rabo. Allon nan da takardar nan ba su da amfani in wanda ya yi waldar bai iya karanta su ba. Ina ba da shawara a ajiye “gyara” ga mayar da abu yadda ya ke, a riƙa cewa “sake ƙira” ga ɗayan, a littattafan makarantun sana'a da na horon malamai duka. Malamin da ya koya wa yaro bambancin kalmomin nan biyu ya koya masa rabin dokar. Sauran kalmomin sana'ar da na tattara, da yadda lafazinsu ya sauya daga gari zuwa gari, zan kawo su a wata takarda.