Tsallake ƙafafu a kokawar jujitsu

Tsallake ƙafafu dabara ce a jujitsun Burazil, kokawar da iyalan Gracie suka raya bayan Mitsuyo Maeda, ɗan wasan judo daga Japan, ya isa ƙasar a 1914. A kokawar gargajiya ta Hausawa, da zarar an kayar da mutum wasa ya ƙare. A jujitsu kuwa wanda ke kwance yana kare kansa da ƙafafunsa, har ya iya shaƙe na sama da su. Aikin na saman shi ne ya wuce su ya danne ƙirji.

Da farko sai ya miƙe bayansa, ya kwance riƙon da aka yi wa hannun rigarsa da wuyanta. Daga nan sai ƙugu, domin muddin ƙugun na ƙasa yana juyawa, gwiwa za ta sake kutsowa tsakani. Wasu kan dafe gwiwoyin su ture su gefe su zagaya da sauri, wasu kuma su sauke nauyinsu a hankali. Mai gaggawa yakan bar hannu ɗaya tsakanin cinyoyi, a shaƙe shi.

A gasa, hukumar jujitsu ta IBJJF tana ba da maki 3 ga wanda ya tsallake ya danne na daƙiƙa 3.