Dogaro da mota da tasirinsa ga zamantakewa a Amurka

Dogaro da mota shi ne yanayin da tsarin gari ke tilasta wa mutum shiga mota kafin ya isa kasuwa, makaranta, asibiti ko wurin aiki. Amurka ce aka fi buga misali da ita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an shiga gina unguwanni a wajen birane, kamar Levittown da ke kusa da New York, wadda aka fara a 1947, kuma dokokin tsara gari a wurare da dama suka raba gidajen kwana da shaguna. A 1956 Shugaba Eisenhower ya rattaba hannu kan dokar shimfiɗa manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Wasunsu sun ratsa tsakiyar unguwannin baƙaƙen fata, irin su Overtown a Miami da Rondo a Saint Paul, aka rushe gidaje da majami'u, maƙwabta suka watse.

Ko inda ba a yi rusau ba, zumunci ya raunana. A ƙarshen shekarun 1960, Donald Appleyard ya nazarci tituna uku masu kama da juna a San Francisco. A titin da motoci kusan 2,000 ke bi a rana, kowane mazauni na da abokai uku a layinsa a matsakaicin ƙiyasi. A wanda motoci 16,000 ke bi, adadin bai kai ɗaya ba. Dalilin a fili yake: hayaniya da fargabar haɗari sun kori mutane daga ƙofar gida, wurin da gaisuwa da hira ke farawa. Robert Putnam kuma, a littafinsa Bowling Alone na 2000, ya ƙiyasta cewa kowane ƙarin minti goma a hanyar zuwa aiki yana rage shiga harkokin al'umma da kashi goma cikin ɗari.

Nauyin ya fi faɗawa kan wanda ba ya tuƙi. A 1969 kusan rabin yaran Amurka na zuwa makaranta a ƙafa ko kan keke. A 2009 kashi 13 ne kawai. Tsohon da ganinsa ya ragu har ya ajiye lasisi yakan wuni a gida shi kaɗai, matalauci kuwa yana iya rasa aiki don kawai bas ba ta zuwa unguwar da aikin yake.